Ciwon Sefsis da Raunin Garkuwar Jiki Bayan An Warke

Gabatarwa

An tanadi wannan shafi ne domin wayar da kan jama'ar karkara, da shugabannin al'umma, da jami'an ƙananan hukumomi game da wani lamari da ba a cika magana a kansa ba, wato halin da jikin mutum yake shiga bayan ya tsallake ciwon sefsis. Sau da yawa idan aka sallami majinyaci daga asibiti, iyali sukan ɗauka cewa haɗari ya wuce gaba ɗaya. Binciken likitoci ya nuna cewa watannin farko bayan sallama lokaci ne mai haɗari, domin garkuwar jikin majinyacin takan kasance a raunane, kuma wata cuta ta biyu tana iya kama shi cikin sauƙi. Sanin wannan yana iya ceton rai.

Mene ne sefsis?

Sefsis shi ne abin da mutane da yawa suke kira gubar jini. Ba wata ƙwayar cuta guda ce mai suna sefsis ba. Yanayi ne da yake aukuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, sai jiki ya tashi yaƙarsu fiye da kima, har yaƙin ya koma yana lalata gaɓoɓin jikin da kansu, kamar huhu, ƙoda, hanta, zuciya da ƙwaƙwalwa. A shekarar 2016 ƙwararrun likitoci na duniya suka amince da wannan ma'ana: sefsis tabarɓarewar aikin gaɓoɓi ne mai iya kisa, wanda yake faruwa saboda martanin jiki ga cuta ya kauce wa ƙa'ida.

Kusan kowace irin cuta mai shiga jiki tana iya kaiwa ga sefsis. Daga cikin waɗanda aka fi sani a yankinmu akwai ciwon nimoniya, sanƙarau, taifot, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, gudawa mai tsanani, ciwon mafitsara da ƙoda, raunin da ya ruɓe, ƙunar wuta, zazzaɓin bayan haihuwa ko bayan ɓari, da kuma ciwon cibiyar jariri.

Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 an sami masu sefsis miliyan 48.9 a duniya, kuma mutum miliyan 11 sun rasu, wato kusan kashi 20 cikin 100 na dukkan mace-macen da aka yi a wannan shekara. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nauyin ya fi yawa a ƙasashe masu ƙarancin ƙarfi, musamman na Afirka kudu da Sahara. A watan Mayu na 2017 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri yana kira ga ƙasashe su ba wa sefsis muhimmanci. Ana kuma tunawa da Ranar Sefsis ta Duniya a ranar 13 ga Satumba, tun daga shekarar 2012.

Yadda garkuwar jiki take aiki

Domin fahimtar abin da sefsis yake ɓatawa, ya kamata a san dakarun da suke kare jiki. Mafi yawansu suna cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a cikin ɓargo, kuma suke taruwa a saifa da kaluluwa. Ana iya kasa su gida uku bisa ga aikinsu.

Na farko su ne masu kai ɗauki nan take, wato niyutrofil da monosait da makrofej. Aikinsu shi ne su haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita.

Na biyu su ne masu kai rahoto. Bayan monosait ko wata ƙwaya mai suna dendiritik ta kama ƙwayar cuta, takan gutsuri wani yanki nata ta ɗora a kan wata alama da ke bayanta, mai suna HLA-DR, domin ta nuna wa sauran dakaru kamannin abokin gaba.

Na uku su ne limfosait, kuma iri biyu ne manya. Nau'in T shi ne mai ba da umurni da kuma kashe ƙwayoyin jiki da cuta ta shiga cikinsu. Nau'in B shi ne mai haɗa sinadaran kariya da suke yawo a cikin jini. Limfosait ne suke riƙe tarihin cututtukan da mutum ya taɓa yi da kuma alluran rigakafin da aka yi masa.

Dukkan waɗannan dakaru suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ake kira saitokin. Wasu saitokin suna hura wutar yaƙi, wasu kuma suna kwantar da ita. Lafiya tana samuwa ne idan ɓangarorin biyu suka daidaita.

Fuskoki biyu na sefsis

A da, likitoci sun fi mai da hankali ga fuska ta farko, wato tashin wutar yaƙi: zazzaɓi mai zafi, bugun zuciya da sauri, faɗuwar ƙarfin jini, da tsayawar fitsari. An gwada magunguna masu yawa na kashe wannan wuta a shekarun 1990, amma ba su rage mace-mace yadda aka yi fata ba. A shekarar 1996 wani likita ɗan Amurka mai suna Roger Bone ya jawo hankali ga fuska ta biyu, wato yunƙurin da jiki yake yi na kwantar da wutar, wanda shi ma yakan wuce gona da iri har ya bar jiki ba kariya.

A yau an fahimci cewa fuskokin biyu suna farawa ne kusan a lokaci guda. A kwanakin farko wutar ce take rinjaye. Idan majinyaci ya tsallake wannan mataki da taimakon magani, sai raunin garkuwa ya fito fili. Likitoci suna kiran wannan hali shanyewar garkuwar jiki. Misalinsa kamar garin da aka yi wa gobara ne: an kashe wutar, amma ganuwa ta rushe, masu gadi kuma wasu sun mutu, wasu sun jigata.

Hanyoyin da sefsis yake raunana garkuwa

1. Mutuwar limfosait. A lokacin sefsis ɗimbin limfosait da ƙwayoyin dendiritik sukan mutu ta wata hanya da jiki ya tanada domin kawar da ƙwayoyin da suka gama aiki. Farfesa Richard Hotchkiss da abokan aikinsa na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka sun tabbatar da mutuwar limfosait a shekarar 1999, bayan sun duba saifa da hanjin mutanen da sefsis ya kashe. An kuma gano cewa majinyacin da adadin limfosait ɗinsa bai farfaɗo ba har zuwa kwana na huɗu ya fi fuskantar haɗarin mutuwa.

2. Gajiyar waɗanda suka rage. Limfosait nau'in T da suka tsira sukan gaji saboda daɗewar yaƙi. Wata alama mai suna PD-1, wadda take aiki kamar birki, takan yawaita a jikinsu, sai su daina ba da umurni yadda ya kamata. A shekarar 2011 mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi a kan saifa da huhun mutum 40 da suka rasu sakamakon sefsis. An tarar cewa saitokin da ƙwayoyin saifarsu suke iya fitarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake samu a wajen waɗanda ba su yi sefsis ba.

3. Katsewar rahoto. Alamar HLA-DR takan ragu ƙwarai a bayan monosait. Idan haka ta faru, ko da sabuwar cuta ta shigo, labari ba ya isa ga limfosait da wuri. A wasu manyan asibitocin Turai ana auna wannan alama a cikin jini domin gane majinyacin da garkuwarsa ta shanye.

4. Yawaitar masu hana yaƙi. Akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran dakaru domin kada su yi ɓarna. Bayan sefsis rabonsu yakan ƙaru, tare da saitokin masu kwantar da yaƙi irin su IL-10. Bugu da ƙari, saboda gaggawa, ɓargo yakan saki fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba, waɗanda ba su iya kisa sosai, wasunsu ma suna danne aikin limfosait.

5. Canji mai daɗewa a cikin ƙwayoyin. Sefsis yakan kulle wasu sassan umurnin gado da ke cikin ƙwayoyin garkuwa, ta yadda ko bayan cutar ta wuce ba sa buɗewa da sauri. Masu bincike daga birnin Nantes na Faransa da birnin Melbon na Ostireliya sun nuna a shekarun 2017 da 2020 cewa bayan ɓeraye sun warke daga nimoniya, makrofej da dendiritik na huhunsu suna kasancewa a raunane har tsawon makonni. A jikin mutane kuma sun ga cewa ƙarfin monosait na haɗiye ƙwayoyin cuta yana iya kasancewa a ƙasa har wata shida.

6. Tsagewar bango. Fata, da bangon hanji, da hanyar numfashi su ne katangar farko ta jiki. Allurar ƙarin ruwa, robar fitsari, na'urar taimaka wa numfashi, wurin tiyata da gyambon kwanciya duk ƙofofi ne da cuta take iya bi. Haka kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ko da yake su ne suke ceton rai, sukan kashe har da ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a cikin hanji, sai miyagu su sami fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da wannan rauni yake haifarwa

Na farko, cututtukan da ake ɗauka a asibiti. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a shekarar 2016, ya nuna cewa kimanin 13 cikin kowane 100 na masu sefsis da aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman sun kamu da wata sabuwar cuta a can. Sau da yawa irin waɗannan cututtuka na ƙwayoyi ne masu jure wa magani, ko kuma na funfuna da ba sa iya kayar da mai lafiya.

Na biyu, farkawar cututtukan da suke kwance. Akwai ƙwayoyin bairos da suke zaune shiru a jikin mafi yawan mutane tun suna yara, garkuwa ce take danne su. A binciken da aka buga a shekarar 2014 a kan masu sefsis 560 a Amurka, an sami fiye da nau'i ɗaya na irin waɗannan bairos ya farka a jikin kimanin kashi 43 cikin 100 na majinyatan.

Na uku, komawa asibiti bayan sallama. A Amurka an gano a shekarar 2015 cewa kimanin tsofaffi 40 cikin 100 da suka tsira daga sefsis mai tsanani an sake kwantar da su cikin kwana 90, kuma sabuwar cuta ce kan gaba a cikin dalilan. Wani binciken na shekarar 2019 ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka tsira suna ɗauke da alamun kumburi da na raunin garkuwa a cikin jininsu har zuwa shekara guda.

Na huɗu, mutuwar yara a gida. Wannan shi ne ya fi kusa da halin da muke ciki. A ƙasar Yuganda an bi sawun dubban yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar bisa zaton sefsis, aka tarar cewa kimanin 5 cikin kowane 100 da aka sallama sun rasu cikin wata shida, kuma fiye da rabinsu a gida ko a kan hanyar zuwa asibiti. Haka kuma wani bincike da aka buga a shekarar 2022, wanda ya shafi yara marasa lafiya a ƙasashe shida na Afirka da Asiya, ya nuna cewa kusan rabin mace-macen sun auku ne bayan sallama, kuma yara masu tamowa ne suka fi shiga haɗari.

Ya kamata a lura cewa raunin garkuwa ba shi kaɗai ne sanadin waɗannan abubuwa ba. Tsufa, ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki, raunin gaɓoɓi da tsofaffin cututtuka duk suna da nasu kaso.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Jarirai, musamman bakwaini da waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi, yara masu tamowa, tsofaffi, mata masu ciki da masu jego, masu ciwon suga, sikila, ciwon ƙoda, ciwon hanta ko ciwon daji, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da duk wanda ya daɗe a kwance a asibiti ko aka yi masa babbar tiyata.

Gyara wasu zato

Raunin garkuwa bayan sefsis ba ƙanjamau ba ne. Ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, kuma a wajen mafi yawan mutane yana raguwa sannu a hankali. Bai dace a riƙa nuna majinyaci da yatsa ko a ƙaurace masa don an ga yana yawan kwanciya ba. Gwajin jini ne kaɗai yake tabbatar da ƙanjamau.

Haka kuma dawowar zazzaɓi bayan sallama ba hujja ba ce ta cewa ciwon ba na asibiti ba ne. Wannan zato yana sa iyalai su ɓata kwanaki suna neman magani a wasu wurare, alhali sabuwar cuta ce da take buƙatar a gano ta da wuri.

Alamun da suke wajabta komawa asibiti nan take

Ga babba: zazzaɓi ko rawar ɗari, ruɗewa, sambatu ko yawan barci, numfashi da sauri, wato sau 22 ko fiye a minti ɗaya, jiri ko suma, ƙarancin fitsari ko rashinsa yini guda, sanyin hannu da ƙafa, sabon tari, ruwa ko wari daga wurin tiyata ko rauni. Ga mai jego kuma, a ƙara da ciwon mara da fitar ruwa mai wari.

Ga yaro: ƙin mama ko ƙin sha, amai da duk abin da ya ci, jijjiga, kasala ko wahalar farkawa, faɗawar ƙirji yayin numfashi, numfashi sau 60 ko fiye a minti ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, sau 50 ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, sau 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, jan cibiya ko fitar mugunya daga cikinta.

A kula: mai raunin garkuwa yana iya kamuwa da cuta mai tsanani ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Sanyin jiki fiye da kima, musamman ga jariri da tsoho, shi ma alamar haɗari ne. Ƙa'idojin duniya na kula da sefsis na shekarar 2021 sun nemi a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya ga wanda ƙarfin jininsa ya faɗi. Saboda haka ba a jiran gari ya waye.

Shin akwai maganin farfaɗo da garkuwa?

Masu bincike sun gwada wasu magunguna a kan ƙananan rukunonin majinyata: intaferon gama a Jamus a shekarar 1997, GM-CSF a shekarar 2009, IL-7 a Faransa da Amurka a shekarar 2018, da kuma magungunan da suke sakin birkin PD-1. An ga alamar HLA-DR ko adadin limfosait ya ƙaru, amma waɗannan magunguna ba su zama na yau da kullum ba a wajen kula da sefsis. Don haka a yi hattara da masu tallar magani a kasuwa ko a mota da suke cewa nasu yana wanke jini ko yana dawo da garkuwa. A kuma guji shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone da prednisolone ba da umurnin likita ba, domin suna ƙara danne garkuwar jiki.

Shawarwari ga iyali

1. Kafin barin asibiti, a tambayi likita sunan ciwon, da ranar dawowa, kuma a adana katin sallama. A nuna shi a duk asibitin da aka je daga baya.

2. A shanye magani har ƙarshe kamar yadda aka rubuta. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba da takardar likita ba.

3. A koma ganin likita a ranar da aka sa, ko da majinyaci yana jin sauƙi.

4. A ba shi abinci mai gina jiki daga abin da ake da shi a gida: wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, kifi, nama, dafaffen nono, zogale da sauran ganyaye. A ci gaba da shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida.

5. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi ko abincinsa. A tafasa ruwan sha ko a tsabtace shi.

6. Ya riƙa kwana a cikin gidan sauro mai magani.

7. A taƙaita cunkoson masu dubiya a makonnin farko. Mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa daga nesa.

8. A riƙa juya majinyacin da ba ya iya tashi, a kuma taimaka masa ya fara takawa kaɗan-kaɗan.

9. A kammala alluran rigakafin yara. An shigar da rigakafin nimoniya cikin jadawalin Nijeriya a shekarar 2014, na gudawar rota kuma a shekarar 2022. Rigakafin ƙyanda yana da muhimmanci na musamman, domin ita ma ƙyanda tana goge wani ɓangare na tarihin da garkuwa take riƙewa.

10. A haihu a asibiti ko a hannun ƙwararriyar ungozoma. Kada a sa toka, kashin shanu ko man goge baki a cibiyar jariri. A yi amfani da man chlorhexidine da ma'aikatan lafiya suke bayarwa.

Nauyin da ke kan shugabanni da jami'ai

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su riƙa isar da wannan saƙo a masallatai, majami'u, kasuwanni da wuraren suna. Kwamitocin raya mazaɓa za su iya tsara motar gaggawa da asusun taimako tun kafin buƙata ta taso, domin rashin abin hawa da kuɗin mota yana cikin manyan dalilan jinkiri.

Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar cewa asibitocin matakin farko suna samun labarin duk wanda aka sallamo daga babban asibiti bayan ciwo mai tsanani, a rubuta sunansa, a kuma kai masa ziyara a gida, musamman a watan farko. A auna nauyin yaran da aka sallamo da kaurin damtsensu domin gano tamowa da wuri. A kuma tabbatar da ruwa, sabulu, safar hannu da ma'aunin zafin jiki a kowace cibiyar lafiya, tare da cire robar fitsari da allurar ƙarin ruwa da zarar buƙatarsu ta ƙare.

Kammalawa

Wanda ya tashi daga sefsis yana buƙatar kulawa ta musamman na aƙalla wata shida, ko da an ga ya koma gona ko kasuwa. Duk sabon zazzaɓi, tari, ruɗewa ko ƙin cin abinci a wannan lokaci a ɗauke shi da gaggawa, a garzaya cibiyar lafiya mafi kusa, kuma a shaida wa ma'aikacin lafiya cewa majinyacin ya taɓa yin sefsis. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.